Ɗinkin Jan Zare a Keken Guragu

Ƙarfe tara na safiyar Litinin aka bugo wa Sufeto waya: an fasa siton Hukumar Tallafa wa Naƙasassu, an kwashe kekunan guragu ɗari uku. Ya bar shayinsa a kan tebur ya fito. Tun da matarsa ta rasu babu mai ce masa ya tsaya ya karya.

Daraktan hukumar ya tarbe shi a bakin siton yana share zufa.

"Yallaɓai, an cuce mu. Kayan bayin Allah fa! Maigadin nan za ku matsa."

Sufeto ya shiga ya auna ɗakin da ƙafa. Taku takwas tsawo, biyar faɗi.

"Nan kuka zuba keke ɗari uku?"

"Ai a naɗe suke cikin kwali."

Sufeto ya dubi yanar gizo-gizon da ta rufe rabin ɗakin, ko zare ɗaya bai tsinke ba.

Sannan ya juya wurin maigadin, wani tsoho.

"Ina bakin aikina, ranka ya daɗe. Ban ga komai ba."

"Baba, kayan nan sai babbar mota. Ƙararta ma ba ka ji ba?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Tun Juma'a Darakta ya ce in je gida in huta. Ya ce in na faɗa wa wani, a bakin aikina."

A barandar ofishin wata gurguwa na zaune ita kaɗai a ƙarshen benci, da silifa a hannuwanta biyu. Ɗinki ne sana'arta. Ta nuna wa Sufeto hoton da ke jikin ƙaton allon bakin ƙofa.

"Ni ce waccan mai dariyar. Ranar rabo aka ɗora ni a keke, aka yi hoto, aka tafa. Da manyan baƙi suka tafi aka ce in sauka, wai za a yi masa rajista. Shekara biyu ke nan ina sintiri."

"Wa ke rako ki?"

"Ni da hannuwana." Ta yi ɗan murmushi. "Ka san wautata? Wurin ɗora hannun a yage yake. Tun ana jawabi na zaro allura na ɗinke shi da jan zare. Na ɗauka nawa ne."

Sufeto ya shiga ofishin Darakta. Hotunan bikin rabo guda shida ne jere a bango, kowanne a gari dabam. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. A kowane hoto kekuna goma ne a sahun gaba, kuma a kowanne akwai mai ɗinkin jan zare, sai dai mai zama a kai ya canza.

"Darakta, keke ɗaya ka raba wa mutum shida?"

"Kamfani ɗaya ne ya yi su, dole su yi kama."

"Kamfanin ne ya yi wannan ɗinkin? Wadda ta yi shi tana waje. In kira ta?"

Darakta ya zauna a hankali.

"Goma muka saya," ya ce. "Jibi masu bincike za su zo, shi ya sa na ɓalle kwaɗon."

"Kuɗin sauran fa?"

"Ƙanin matata aka ba kwangilar. Ga hayar zauren taro, ga alluna, ga motocin rakiya, ga alawus ɗin kwamiti. Yallaɓai, ba ni kaɗai na ci ba."

"Goman suna ina?"

"Asibitin surukina. Haya ake ba majinyata."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya sa wa Darakta ankwa ya tasa ƙeyarsa zuwa mota. Ma'aikata suka leƙo ta taga, suka koma da sauri.

Matar da ke kan benci ta ɗago kai. "Yallaɓai, yanzu za a ba ni kekena?"

"Sun zama shaida, ƙanwata. Za a ajiye su har kotu ta gama."

"Yaushe za ta gama?"

Ta gyara silifan hannunta, ta sauko daga bencin, ta ja jiki ta nufi titi. Sufeto ya tsaya yana kallonta har ta sha kwana.