Wa Ya Kwashe Madobiyar Malam Bamalli?

Sufeto Kamaluddeen ya saba da ƙorafin satar babur da awaki, amma bai taɓa jin an saci dashen itace ba sai ranar da Malam Bamalli ya shigo ofis.

Dattijon tsohon ma'aikacin gandun daji ne. Shekara shida yana renon madobiya a lambunsa na Maje, itacen da masu katako suka kusa ƙarar da shi a dazukan yankin. Ya dawo daga Zariya ya tarar dashe sittin sun ɓace.

A lambun kan Sufeto ya ɗaure. Injin ban ruwa na nan, ba a taɓa mangwaro ba, kuma ɓarawon har ya shayar da sauran shukokin. Sawun baro kaɗai ya bari.

Tanimu, ƙanen Bamalli mai riƙe da makulli, ya rantse bai leƙo ba duk makon, ya ce aikin makiyaya ne.

"Shanu na tura baro?" in ji Sufeto.



Sawun ya kai su gidan Dokas, wata tsohuwa mai gona a maƙwabta. Ta ce ba ta da baro. A bayan rumbunta kuwa ga dashen jere a inuwa, ƙasarsu jiƙe.

"Baba, sayarwa za ki yi?" in ji Sufeto.

"Wa zai saya? Ɓoye su na yi."

"Daga wa?"

Ta dubi Tanimu. Ta ce ranar Alhamis ya kawo masu awon fili, ta ji suna cewa katafila za ta share wurin cikin mako. Ba ta da lambar wayar Malam, shi ya sa ta kwashe su. Tsoron kaki ne ya sa ta musa.

Suka koma lambun. Sufeto ya ture busasshiyar ciyawa a kusurwa, sai ga sabon turken siminti irin na masu awon fili.

Tanimu ya zauna a ƙasa. Ya amsa cewa ya sayar wa masu gina gidaje filin da sa hannun yayansa na jabu.

"Yaya, itacen nan sai bayan ranka zai girma. Amfanin me?"

"Ba don ni na shuka ba," in ji Bamalli a hankali.

Aka sa wa Tanimu ankwa, aka nufi mota da shi.

Sufeto ya daɗe riƙe da biro, ya rasa me zai rubuta game da tsohuwar: ta ɗauki abin da ba nata ba, ta yi ƙarya, kuma ita ta ceci kayan. Bamalli ya ce ya janye ƙarar sata. Ya roƙi Dokas ta riƙe ashirin ta dasa a gonarta, don kada su sake taruwa a wuri ɗaya.