Direktan da Ya Fito Daga Rijiya

Ran kasuwar Bangi Iro ya fara ganin Yalwa, cikin ranin 1978, tana auna wa wata tsohuwa wake. Ya sayi tiya biyu, alhali gwauro ne, ko tukunya ba shi da ita. Mako ya zagayo, ya sake saye. A na uku ta dube shi ta ce, "Mushe, wake kake so ko mai wake?" Sai ya yi murmushi.

Iro shi ne direktan makarantar koyon sana'a a Madawa, inda samarin da suka gama lekwal, wato makarantar boko, ke koyon ginin rijiyar siminti da gyaran garmar shanu. Direban kamiyo, babbar motar kaya, ke kai wasiƙa tsakaninsa da Yalwa.

"Yalwata, sanyin idona, wake ya cika ɗaki amma ɗakin ba kowa. Yaushe za ki zo?"

"Direktana, aiko manya. Ni na gama zaɓe."

Manya suka je, Maiguwa mahaifinta ya ƙi ba da amsa. Ashe Isufu, wani akawu mai son Yalwa, ya riga su. Ya ce direktan nan ba shi da babbar takarda, lebura ne da ya ɓoye asalinsa cikin farar riga. Maiguwa kuwa ya tsani ɓoye-ɓoye. Ya ce in haka ne, babu aure.

Sai ya hau jakinsa ya tafi bincike da kansa. Bai san fuskar Iro ba, don mai neman aure na kirki ba ya tsayawa gaban suruki. A makarantar ya tarar da wani mutum na fitowa daga rijiyar koyo, laka har wuya.

Iro ne, kuma ya gane tsohon.

"Ɗana, nan kake aiki?"

"Nan nike, Baba."

"Direktanku, mi ne asalinai?"

Ƙarya guda ta isa ta ba shi Yalwa, kuma yana sonta kamar ransa. Amma ya ce, "Bai wuce ƙaramar lekwal ba. Shekara bakwai yana haƙar rijiya ƙasar Keita da Buza, da igiya a ƙugu. Aka ba shi shugabancin ma'aikata, aka tura shi horo Yamai, ya koyar shekara huɗu, kana aka naɗa shi."

"Tona shi kake ko yabo?"

Iro ya durƙusa. "Ni ne shi, Baba."

Maiguwa ya dubi kantar hannun Iro. "An ce mini ɓoyewa kake."

"Ba wanda ya taɓa tambayata."

Tsoho ya kwance jakinsa. "To, ka dai yi wanka, ka sake aiko manyanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure a Bangi, Yalwa na ɗaki tana kukan daɗi. Maroƙi ya sunkuya ya tambayi Maiguwa ko da sunan direkta zai yi shelar ango.

"Ce mahaƙin rijiya," in ji shi. "Direkta gwamnati ta ba shi, tana iya amshe abinta. Wancan nashi ne, kuma shi na ba ɗiyata."

Liman ya ɗaga hannu, Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Jama'a suka shafa.