Takardar Da Ta Jingina Dama

Takardar neman rumfa ce ta kai Rufa'i shagon buga takardu a unguwar Bololo, inda Zaliha ke zaune gaban kwamfuta. Faransanci dai bai iya ba, amma mahauci ne, ya san yanka madaidaici.

"Malama, ya rubutun ya jingina dama, hagu kamar ɓera ya ci?"

Ta rufe baki tana dariya. "Da Larabci na koyi bugu, can dama hannuna ke gudu. Kawo in yi maka jistifiye."

Ta danna abu guda, layukan suka daidaita gefe da gefe kamar sahun salla.

"Ba ni har ta farkon," in ji shi.

Daga ranar kullum sai ya ƙago wasiƙar da za a buga. Amma da ya tura Bappansa neman aurenta, mahaifinta Malam Audu, ɗan Nijar mai atamfa, cewa ya yi 'yarsa ba ta zaman gidan ƙarnin nama.

Sai yaƙi ya shigo gari. Maganarta ta ƙarshe a waya: "Rufa'ina, Baba ya ce mu tsallake gada. Kada ka fita. Ka ci abinci."

Lambar ba ta sake shiga ba. An wawashe shagon, rumfarsa ta ƙone, ya koma unguwar Gardole da teburi ɗaya. Sau huɗu yana tsallakawa Kusiri, garin da ke ƙetaren gadar, yana leƙa fuskokin mata har aka fara hararar sa. In ciniki ya lafa, sai ya zaro takardar farkon nan daga aljihu ya yi ta kallo, bai san me ta ce ba.

Wata bakwai a haka. Wata Juma'a ya kai nama unguwar Milezi, ya ga sanarwa manne a bangon masallaci. Faransanci ce, ta jingina dama, hagu a gutsure. Tiren naman ya kusa suɓuce masa.

Ladan ya nuna masa gidan da aka bugo ta. Tana zaure gaban kwamfutar aro, ta rame.

"Wayata ta faɗa kogi da lambarka a ciki," ta ce. "Na aika kasuwa, aka ce rumfarka ta zama toka. Tun da muka dawo ban sake daidaita takardar kowa ba. Masu takardun sai faɗa suke, ni kuwa na ce wanda ya san ɓeran zai zo."

"Ga ni, Zalihata."

Malam Audu na bayan labule yana ji. Ya yi gyaran murya.

"Kai, ka iya karatu?"

"A'a, Baba."

"Wanda bai iya karatu ba ya karanto 'yata a bango. Turo min Bappan naka."

Ita ta buga katin ɗaurin auren. Sunayensu biyu ta sa a tsakiya cif, layin ƙarshe kaɗai ta bari ya jingina dama.

Allah ya zaunar da su lafiya, ya zaunar da garin.