Ganyen da Aka Jera a Kan Titi

A garin Salaga akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Tana da wayo, tana da baki. Amma in aka ce aiki, sai ƙafarta ta yi nauyi. In kuwa aka ce ampe, wasan nan na tsalle da tafi, ba mai riga ta fita ƙofa.

Babanta ɗan kasuwar doya ne. Yayanta Muniru shi ke taya shi. Kullum Muniru zai hau babur ya shiga ƙauyuka, ya yi ciniki da manoma, ya dawo da yamma.

Ita kuwa aikinta a gida bai taka kara ya karya ba. Akwai akuya da 'ya'yanta a bayan ɗaki. In ta dawo daga makaranta, ita ke samo musu ganye.

Wata rana, lokacin sabuwar doya, mahaifiyarta, Mma, ta leƙo daga kicin.

"Ke, ba ki jin kukan akuyar nan ne? Ɗauki igiya ki je."

"To, Mma. Yanzu-yanzu."

Yanzu-yanzun nan sai da ta kai har rana ta yi ja. Tana fita ta tarar da ƙawarta Abida ana ampe a ƙarƙashin mangwaro. Ta ce bari ta yi sau ɗaya. Sau ɗaya ya haifi sau goma.

Da ta ɗaga kai ta ga yamma ta yi, sai ta zabura. Ta suri igiya ta bi 'yar hanyar ƙafa ta cikin gonaki. Hanyar ta fitar da ita kan titin Bimbilla, can bayan gari, dab da wata kwana.

Nan ta ja ta tsaya, baki buɗe.

Ga ganye a kan kwalta, ɗanye shar. Rassan ɓaure ne, sabon sara. Tsibi a nan, tsibi a can, wani tsibin a gaba. Kowanne an ɗora masa dutse.

"Kai! Tsuntsu daga sama gasasshe!" in ji ta.

Ta duba hagu, ta duba dama. Ba kowa. Ta ce a ranta ai daga motar wani suka zubo. Wane ganye ne yake zubowa daga mota ya ɗora wa kansa dutse? Wannan tambayar ba ta zo mata ba. Mai neman sauƙi ba ya son dogon tunani.

Ta ture duwatsun gefe. Ta kwashe rassan tas, ta ɗaure, ta ɗora a ka. Ba ta leƙa bayan kwanar ba. Ta koma ta hanyar da ta zo, har da 'yar waƙarta.

A gida Mma ta yi mamaki.

"Yau wace rana! Wannan kaya haka? Allah ya yi miki albarka."

Yarinyar ta ji daɗi, baki har kunne. Ta zube wa akuya rassan, ta zo ta zauna tana fifita da gefen gyale kamar wadda ta yi noma.

Baba yana alwala a tsakar gida. Ya dubi rassan, ya dubi 'yarsa.

"Ke kika hau ɓaure?"

"A'a, Baba."

"To wa ya sare miki? Wannan saran adda ne."

"Tsinta na yi," ta ce tana murmushi. "A kan titin Bimbilla. An jera su tsibi-tsibi, har da duwatsu a kai. Ni kuwa na kwashe duka."

Baba ya ajiye buta. Fuskarsa ta sauya.

"A kan titi? Wajen kwana?"

"E, Baba."

"Innalillahi! 'Yata, ganyen nan ba na akuya ba ne. In lori ta lalace a hanya, direba yana sare ganye ya jera a bayanta. Mai zuwa ya gani tun daga nesa, ya rage gudu. Ganyen cewa yake, akwai haɗari a gaba."

Mma ta fito da muciya a hannu.

"Malam, ai ta hanyar nan Muniru zai dawo."

Yarinyar ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Baba ya zaro waya ya kira Muniru. Wayar ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Shiru.

"Kwaso ganyen," ya ce. "Maza!"

Ta ruga bayan ɗaki ta fizge rassan daga bakin akuya. Akuya ta yi ta ƙorafi, amma ba mai lokacinta. Baba ya ta da tsohon babur ɗinsa. Ya kife mata hular kwano a ka, duk da ta yi mata yawa. Ta hau baya ta rungume ganyen.

Ana ta kiran sallar magariba suka fita gari. Duhu ya fara sauka. Ita dai abu ɗaya take maimaitawa a zuci: Allah ka tsare Yaya. Allah ka tsare Yaya.

Tun daga nesa suka hango mutane. Ga wata babbar lori cike da doya, tsaye a kan titi, dab da fitowa daga kwanar. Ga kuma babur kwance a cikin kwalbati. Jan babur ne. Ta san shi, don ita ke wanke shi ran Asabar.

"Baba, na Yaya ne!" Ta fashe da kuka.

Wani dattijo ya gane Baba, ya matso.

"Malam, kwantar da hankali. Yaro yana da rai. Ya kauce wa lori, moto ya zame da shi. An sa shi a motokin, an tafi asibiti."

Moto shi ne babur, motokin kuwa babur ne mai ƙafa uku da ake ɗaukar kaya da shi.

A gefe kuwa samari sun kewaye direban lorin, wani mutum mai suna Mahama. Hannunsa duk baƙin mai. Wani ya riƙe masa wuyan riga.

"Ku direbobi haka kuke! Ka bar lori a kwana, ba alama!"

"Wallahi na sa ganye!" in ji Mahama da Hausarsa ta zango. "Da hannuna na sare. Na shiga ƙarƙashin lori ina gyara, na fito, ganye babu!"

"Ƙarya kake!"

Yarinyar ta dubi ganyen da ke hannunta. Ta dubi Baba. Sai ta shiga tsakiyar mutane.

"Ba ƙarya yake ba," ta ce. "Ni ce na kwashe. Ga su nan. Akuya na kai wa."

Saurayin ya saki rigar Mahama a hankali. Mahama ya dubi yarinyar da ƙatuwar hula ta rufe wa ido, ya yi ajiyar zuciya.

"Kun ji ko? Yarinya ya faɗi gaskiya. Allah ya cece ni."

"Ka yi haƙuri, Baba direba," ta ce tana sheshsheƙa. "Ban sani ba."

Ta juya ta kama hannun Baba.

"Mu je asibiti, Baba. Don Allah mu je."

"Za mu je," in ji Baba. "Amma sai ganyen nan ya koma inda kika ɗauke shi."

"Yaya fa?"

"Yayanki yana hannun likita. Wanda ke tahowa a bayansa fa? Shi ma yayan wata ne."

Baba ya haska mata da fitilar waya, ya sa ta a gefen titi, shi yana tsakaninta da hanya. Mahama ya nuna inda ya ajiye kowane tsibi. Tana jerawa tana hawaye. Ta mayar da duwatsun ɗaya bayan ɗaya.

Ba su gama karkaɗe hannu ba sai ga hasken mota. Bas ce, cike da mata 'yan kasuwa, tana tafe da gudu. Haskenta ya faɗa kan tsibin farko. Nan take direban ya taka birki. Ya lallaɓa ya zagaye lorin, ya ɗaga musu hannu, ya wuce.

Yarinyar ta bi bas ɗin da ido. Ta ga wani jariri a jikin taga yana barci a kafaɗar uwarsa.

A asibiti suka tarar Mma ta riga su. Yarinyar ta kasa shiga ɗakin. Ta tsaya a bakin ƙofa tana leƙe.

"Wa nake gani kamar mai kunun unguwarmu ta kife tukunya a ka?"

Muryar Muniru ce! Yana zaune a bakin gado. An naɗe masa hannun dama da bandeji, gwiwarsa duk jan magani. Amma ga shi nan, da ransa, har da tsokana.

Ta ruga ta faɗa jikinsa.

"Wayyo, a hankali! Lori ta bar ni, ke za ki ƙarasa ni?"

Mma tana dariya tana share hawaye. Baba ya zauna a kan benci, ya rufe fuska da hannu. "Alhamdulillahi," yake ta cewa. "Alhamdulillahi."

Nas ɗin da ke kula da Muniru, Anti Faridatu, ta shigo riƙe da hular kwanonsa. Ta tsage daga sama har gefe.

"Ku duba nan," ta ce. "Da ba hula, da kansa ne haka. Hannun bai karye ba, targaɗe ne da ƙujewa. Zai kwana gida."

"Allah ya saka da alheri," in ji Mma.

"Ni dai abin yana damuna," in ji nas. "Da na fara aiki, sai mu daɗe ba a kawo mai haɗari ba. Yanzu moto ya yi yawa a gari. In doya ta fito, hanya ta cika da lori, gadajen nan ba sa hutawa. Yawanci da magariba ake kawo su, kuma yawanci samari ne. Masu hula suna komawa gida da ƙafarsu. Marasa hula kuwa, wasu sai dai mu tura su babban asibitin Tamale."

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Yaya, ni ce na ja maka. Ni na kwashe ganyen."

Ta ba shi labari duka, har da ampe. Ba ta rage komai ba.

Muniru ya dafa kanta da hannun hagu.

"Kin yi kuskure, ƙanwata. Amma ni ma da nawa. Ina sauri in riski salla a gida, na shiga kwana da gudu. Da a hankali nake, da na tsaya lafiya."

"To kun ji," in ji Baba. "Kowa ya ɗauki nasa."

Washegari a makaranta ta gaya wa malamarsu, Madam Fadilatu. Madam ta sa ta tsaya gaban aji ta maimaita. Kunya kamar ta nutse, amma ta daure.

"Wa ya san ma'anar ganye a kan titi kafin yau?" in ji Madam.

Hannaye kaɗan ne suka tashi. Abida ma ba ta sani ba. Wani yaro a baya ya ce shi da ƙwallo yake watsa su in ya gani.

"To daga yau kun sani," in ji Madam. "Ku je ku gaya wa ƙannenku. Ke kuma, na gode da ba ki ɓoye ba."

Da daddare Mma ta yi tuwo da miyar ayoyo. Aka ajiye wa Muniru nasa. Ya dubi kwanon, ya dubi hannunsa mai bandeji.

"To, ni dai ba zan ci da hagu ba. Wa zai taimaki marar lafiya?"

Yarinyar ta tashi ba tare da an kira ta ba. Ta wanke hannu, ta zauna gabansa. Ta yanko loma ta tsoma a miya.

"Ƙarama ce," in ji Muniru.

Ta ƙara.

"Yanzu kuma ta yi girma. So kike ki shaƙe ni?"

"Yaya, ka buɗe baki kawai!"

Kowa ya yi dariya. Baba ya jira dariyar ta lafa, sannan ya ce, "'Yata, me kika koya?"

"Abin da na gani an ajiye a kan titi, ba zan taɓa ba. Wani ne ya ajiye shi don ya tsare ran wani. In ban gane abu ba, zan tambaya."

"Madalla. Matambayi ba ya ɓata."

Ta sake yanko loma ta miƙa. Muniru ya karɓa yana taunawa, yana yi mata gatsine. Ita kuwa sai kallonsa take yi. Ba ta taɓa sanin cewa ganin mutum yana cin tuwo zai yi mata daɗi haka ba.