Miliyan Uku a Wayar Lukumanu

Sadiƙa na zaune a tsakar gidansu da ke Rogo Ruma tana ɓarar gyaɗa, rabin hankalinta na kan wayar da ke gefen tabarma. Yau kwana arba'in ke nan ba ta ji muryar Lukumanu ba, kuma ita ta jawo.

Lukumanu ɗan Karaye ne, sana'arsa kuwa ta sha kan mutanen gidan su Sadiƙa. 'Yan kasuwa ne daga ƙasashe daban-daban suke damƙa masa akawunt ɗinsu na talla a intanet: mai turare a Maraɗi, mai atamfa a Kumasi, wata Hajiya mai abaya a Jidda. Wannan da sefa yake biya, wancan da sidi, ita kuma da riyal. Shi dai ladan aikinsa yake karɓa a ƙarshen wata, ba wani abin a zo a gani ba.

Ranar da ya zo zance yana nuna mata aikin a zaure, sai Gwaggo Maijidda, ƙanwar babanta, ta shigo da kwanon fura. Gwaggo ba ta yi boko ba, amma lamba ba ta ɓace mata.

"Miliyan uku!" ta koma cikin gida tana tafa hannu. "Miliyan uku a wayar yaron nan, shi ne zai kawo mana lefe akwati biyu? Wallahi sai shida, ko a ɗage bikin!"

An yi an yi da ita cewa sefa ce, kuma ta mai turaren Maraɗi ce. Ina! Ta ce abin da ke wayar mutum nasa ne.

Da surutun ya ishi Sadiƙa sai ta kira shi tana kuka.

"Yaya Lukumanu, don Allah ka ɗan taɓa bajet ɗin mutumin nan. Kafin ya lura ka mayar."

"Sadiƙa, mutumin nan bai taɓa ganin fuskata ba, amma ya ba ni katinsa da fasuwod ɗinsa. Ina sonki, Allah ya sani. Wannan dai ba zan iya ba."

"Au, ashe akawunt ya fi ni! To kar ka sake kirana!"

Shi kuma bawan Allah sai ya bi umarni.

Tun daga nan Sadiƙa ba ta ƙara sakewa ba. Babur na tsayawa a ƙofar gida sai ta leƙa ko shi ne. Ta yi ta laluben wayarta ko za ta ci karo da talla ɗaya da ya tsara, alhali ta san ba mutanen Rogo ake nuna wa ba, sai na Maraɗi da Kumasi. Ƙarshe ta koma shafin mai turaren tana karanta kalaman tallar, don ta san rubutunsa ne. Kewarsa ta yi mata yawa.

A haka babanta, Malam Ilu, ya dawo daga gona ya tarar hawaye na ɗiga cikin gyaɗa. Shi abin da aka gaya masa kawai, yaron marowaci ne. Yau ya tsare ta sai da ta faɗi komai.

Sai ya ce, "Shanun nan bakwai da nake kiwo, nawa ne namu?"

"Biyu, Baba."

"Biyar ɗin na mutanen Gwangwan ne. Shekarar da mahaifiyarki ta kwanta asibiti, gonata ta fadama na sayar, ban taɓa saniyar kowa ba. Kuma ita ta ce in yi haka. Ke kuma kin samu irin wannan yaron kina kora?"

Gwaggo ta leƙo daga ɗaki. "Yaya, amma akwati biyu..."

"Maijidda, ko a buhu ya kawo na karɓa. Kira shi, Sadiƙa!"

Nan take ta danna lambar. Ko sau biyu ba ta yi ƙara ba.

"Sadiƙa? Ke ce?"

"Ni ce, Yaya. Ka yafe ni."

"Kullum sai na buga lambarki in goge," ya ce. "Na ɗauka shi ke nan."

Bayan sallah aka ɗaura auren, da akwati biyu. 'Yan mata, ku riƙe wannan: saurayin da ya ƙi cin amanar wanda bai taɓa gani ba, ko da zai rasa ki, shi ne zai riƙe taki amanar.