Dutsen Murhun Tsohuwa

Kouloussoum ba barauniya ba ce, wannan ku riƙe shi tun yanzu. Mai jinyar tsofaffi ce a Greensboro, gidanta na bayan High Point Road, kuma a ɗakin ciki mahaifinta ke kwance, ciwo ya hana shi taɓa ruwa sai taimama. Ƙanenta Maazou, da ke karatu a Ingila, shi ya matsa mata ta zo hutu wani tsohon garin kasuwa da tsaunukan alli suka kewaye. Hutun ma na yawon ƙafa! Mutum ya hau jirgi don ya je ya gaji, kai jama'a.

Ranar ƙarshe gwiwa ta dame shi, ya riga ta sauka gari. Ita ta tsaya kallon tumaki. A gefen hanya ta ga fararen duwatsu uku a zaune, sumul. Ta ce wannan ai ya dace da taimamar Baba. Ta ɗauki ɗaya ta jefa a aljihun jaket, ko bisimilla ba ta yi ba.

Rana ta yi ja. Ga rufin garin can ƙasa, ga ƙararrawar coci tana bugawa. Ta buɗe ƙyauren katako na shingen makiyaya ta wuce, ta yi tafiya mai nisa, sai ga ta gaban duwatsun nan biyu da ta bari.

Ta yi dariya, ta sake hanya. Wani ƙyauren. Duwatsu biyu.

Dariya ta ƙare. Waya ba sabis. Ta bi gangara da gudu, fitilun garin suna nan inda suke, ba su matso ba ko taku. Ƙararrawa ta yi shiru. Tumakin sun daina kiwo, duk sun juyo suna kallon ta.

Sai ƙamshin tuwo mai ƙauri.

Tsohuwa ce tsugune, fara fat kamar an tsoma ta a gari. Da hannunta tsirara ta tallafe wata tukunya da ta karkace a kan duwatsun biyu. Ba wuta, amma tukunyar na tafasa.

"Baiwar Allah," ta raɗa mata, da Hausar Damagaram tsantsa, "kin ɗauke mini murhu. 'Ya'yana ba su ci ba."

"Ki yafe ni, Iya. Don tsohona na ɗauka."

"To zo ki zauna a gurbinsa."

Gwiwoyin Kouloussoum suka lanƙwashe da kansu. Sanyi ya taso daga ƙafa. Ta duba, takalmanta sun yi fari.

Baba ya faɗo mata a rai. Wa zai juya shi a gado? Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Ta fizgo dutsen, tana karanta Ayatul Kursiyyu, ta cusa shi ƙarƙashin tukunyar. Tukunyar ta zauna, amma ba daidai ba. Ashe dutsen alli ne, gudun da ta yi ya goge gefensa a aljihu.

"Da saura," in ji tsohuwar.

Kouloussoum ta tuɓe jaket ɗin, da garin allin a aljihu, ta wurga mata. Ƙafa ta saku. Yatsu masu sanyi suka kama ɗan ƙaramin yatsan hannunta, ta fizge, ta afka wa ƙyauren.

Wannan karon kwalta ta taka. Maazou na tsaye da tocila yana kwala mata kira.

Ta koma Greensboro lafiya, ta sayo wa Baba dutse a shago. Sai dai duk tukunyar da ta ɗora a kan murhun lantarkinta, karkacewa take. Ɗan yatsan kuwa ya yi fari, likita ya rasa gane kansa. Duk abin da ta shafa sai ya bar farin layi kamar alli, ƙofa, zanin gado, goshin Baba.

Jiya da magariba ta gwada shi da na ɗaya hannun. Ya ƙara gajarta.