Zanen Goyon Masara

Akwai wata yarinya a Unguwar Dosa, mai rawar kai ta gaske. Kakanta yakan tsokane ta ya ce, "'Yar birni! Ko barkono ba ki iya shukawa ba."

"Wallahi Kaka, bana sai ka ci masarar da na noma da hannuna!" in ji ta.

Da damina ta sauka, ta shuka masara a bayan gidansu. Masara ta tashi, ta yi gemu, ta yi goyo. Goyo ɗaya ya fi sauran girma. Wayyo daɗi! Ta ce wannan na Kaka ne.

Amma fa haƙuri ya gagara. Kullum ta dawo daga makaranta sai ta yar da jaka, ta ruga ta buɗe ɓawon, ta leƙa ƙwayoyin. Wani ɗan ƙaramin goyo da ke lungu kuwa, ko kallo bai ishe ta ba.

Ran nan Kaka ya zo daga Unguwar Shanu. Aka hura gawayi. Ta sheƙa ta karyo babban goyon, tana tsalle. Tana ɓarewa sai ta ƙwalla ƙara. Fumfuna kore-kore ta rufe ƙwayoyin!

"Baba! Zo ka gani! In kankare in gasa?"

Babanta ma'aikacin gona ne. Ya duba, ya girgiza kai. "A'a, uwata. Wannan fumfuna tana zuba guba mai lalata hanta, kuma gashi ba ya kawar da ita. Ko kaji ba za mu ba su ba. Kin taɓa buɗe shi?"

Ta sunkuyar da kai. "Kullum, Baba."

"Ai shi ke nan. Ɓawon nan shi ne zanen goyon masara. Shi ke tare ruwa da ƙwari. Kowace ƙwaya ma tana da fata, tana kuma haɗa maganin kare kanta a ciki. Amma kin buɗe wa cuta ƙofa, har ta fi ƙarfin ƙwayar."

Hawaye suka zubo mata. Kunya kamar ta nutse, ga Kaka zaune yana jira.

Sai ta tuna da na lungu. Ta je ta karyo shi. Ɓawon a ɗaure tamau, da ƙyar ta ɓare. Kai! Ƙwayoyi jere reras, babu tabo ko ɗaya!

"Baba! Kaka! Wannan ya tsira!"

Ta gasa da kanta. Kaka ya gatsa, ya lumshe ido. "To, na janye. Manomiya ce. Amma ina babban da ake ta cika mini baki a kansa?"

"Leƙe ya cinye shi, Kaka," ta ce tana dariya. "Na gane. Abin da Allah ya rufe don ya nuna, a bar shi sai lokacinsa ya yi. Baɗi ko gemunsa ba zan taɓa ba!"